Karnuka biyu da kyanwoyi biyu a gida ɗaya: yaya za a yi kowa ya sake?

Uwar Toka ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon dabbobin gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gogewa a kan zaman karnuka da kyanwoyi wuri ɗaya, domin al'amarin gidana ya fara fin ƙarfin dabarata.

Dabbobi huɗu muke da su. Akwai Duna, kare mai shekara takwas, wanda ya tsufa tare da kyanwoyin har ba ya ko ɗaga kai idan sun ratsa ta gabansa. Akwai muzuru mai suna Sarki, ɗan shekara shida, da kyanwa mace, Toka, wadda ta girme shi da shekara ɗaya. Waɗannan ukun sun daɗe suna zaune lafiya. Ba zan ce abokai ba ne, amma kowa ya san wurin kwanansa da lokacin cin abincinsa, kuma ban taɓa ganin jini a tsakaninsu ba. Ta huɗun ita ce Guguwa, 'yar karya mai wata goma da muka karɓa kwanan baya daga hannun wani da zai yi ƙaura, kuma tun zuwanta zaman ya canja.

A iya fahimtata Guguwa ba ta da mugunta, sai dai ba ta iya ganin kyanwa tana tafiya ba ta bi ta a guje ba. Toka takan tsaya ta yi mata huci, wani lokaci ta kai mata mari, sai ta ja da baya. Sarki kuwa gudu yake yi, gudun nan kuma shi yake ƙara mata ƙaimi. Yanzu ya koma zaman ƙarƙashin gado, ba ya fitowa sai dare ya raba, cin abincinsa ya ragu sosai, kuma sau da yawa idan na ajiye masa kwanonsa Guguwa ce take lashewa kafin ya iso. Abin da ya fi damuna shi ne ya fara fitsari a wajen akwatin yashinsa, ɗan kaɗan-kaɗan, a bakin ƙofa da cikin bahon wanka, alhali bai taɓa yin haka ba. Ita ma Guguwa ta gano akwatin yashin, abin da take yi a can kuwa ba na faɗa cikin mutane ba ne.

Maigidana yana ganin a ƙyale su, wai dabbobi sun fi mu sanin yadda za su sasanta kansu, kuma da sannu kowa zai san matsayinsa. Shin haka ne? Sannan ko akwai illa idan na haɗa su duka a kan abinci iri ɗaya, tun da dai raba kwanonin ya gagara? A ƙarshe, na ga ƙuma a jikin Guguwa, na sayo maganin da ake ɗigawa a ƙeyar kare, kuma ina tunanin in ɗan ɗiga wa kyanwoyin ragowar. Zan yi godiya ga duk wanda ya taimaka.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce za ta iya kashe miki dabba a yau ɗin nan. Don Allah kada ki ɗiga wa kyanwoyin wannan magani, ko da ɗigo ɗaya ne. Da yawa daga cikin magungunan ƙuma da kaska da ake yi don karnuka suna ɗauke da sinadarin famitirin, wanda za ki ga an rubuta permethrin a jikin kwalin, kuma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi ta fitar kamar yadda ta kare take yi. Cikin 'yan sa'o'i kyanwa takan fara makyarkyata da dalalar miyau, daga nan sai farfaɗiya, kuma da yawa ba sa tashi. Ba ma sai an ɗiga mata ba: idan ta lashi karen da aka yi wa maganin, ko ta kwanta a shimfiɗarsa kafin ya bushe, ya isa ya yi mata illa. A gidan da ke da kyanwa, ya fi kyau a nemi maganin da babu wannan sinadari a ciki ko don karen ne. Wannan raunin hanta shi ne kuma dalilin da ya sa ƙwayar farasitamol guda ɗaya take iya halaka kyanwa, saboda haka maganin mutane ba ya shiga bakin dabba sai da izinin likita.

Na biyu kuma shi ne Sarki. Ki kai shi asibitin dabbobi yau, kada ki bari sai gobe. Muzurun da yake fitsari kaɗan-kaɗan a wurare dabam-dabam, musamman a wuri mai sanyi da santsi irin bahon wanka, sau da yawa kumburin mafitsara ne yake damunsa, kuma an san tsoro da rashin kwanciyar hankali suna cikin abubuwan da suke tayar da wannan ciwo. Haɗarin ya fi yawa ga namiji saboda hanyar fitsarinsa doguwa ce kuma siririya, tana iya toshewa gaba ɗaya. Idan ta toshe, ƙoda takan fara gazawa, gubar da ya kamata ta fita ta taru a jini, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu rai yana iya salwanta. Alamun toshewar su ne ya riƙa tsugunawa yana yunƙuri ba abin da yake fitowa, yana kuka, yana yawan lasar gabansa, ko ya fara amai. Mutane da yawa sukan ɗauka taurin bayan gida ne, su zauna jira. Raguwar cin abincin ma ba abin rainawa ba ne, domin kyanwar da ta yi 'yan kwanaki ba ta ci, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta ya zama wata cuta ta dabam wadda ta fi ta farkon wuyar magani.

Game da abinci iri ɗaya, amsar ita ce a'a. Kare yana iya rayuwa a kan abinci mai gauraye, amma kyanwa macin nama ce zalla, kuma akwai abubuwan da jikinta ba ya iya haɗawa yadda zai wadatar, dole ta same su a nama. Babba a cikinsu shi ne sinadarin da ake kira taurine. A shekarar 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna cewa ƙarancinsa ne yake haddasa wani ciwon zuciya da yake kashe kyanwoyi da yawa a wancan lokaci, tun kafin nan kuma an san rashinsa yana lalata musu gani. Haka nan kyanwa ba ta iya fitar da bitamin A daga tsirrai kamar yadda kare yake yi. Abincin kare ba a auna shi da waɗannan buƙatu ba, saboda haka loma ɗaya ba za ta yi kome ba, amma a ɗora kyanwa a kansa wata da watanni cutarwa ce. Shi kuma kare idan ya saba da abincin kyanwa, wanda ya fi maiƙo, ƙiba da ɓacin ciki ne sakamakon. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin dukansu biyu, cakulan da inabi da zabibi kuwa haɗari ne musamman ga kare, madarar shanu kuma gudawa take sa yawancin manyan kyanwoyi, duk da sunan da ta yi.

Ƙumar da kika gani a jikin Guguwa ba a jikinta kaɗai take ba. Irin da aka fi samu a jikin karnuka ita ce dai ƙumar kyanwa, macenta tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma mafi yawan ƙwan da tsutsotsin suna cikin shimfiɗa da tsagogin ɗaki. Saboda haka a yi wa dukansu huɗu magani a lokaci ɗaya, kowa da nasa gwargwadon nauyinsa, a wanke shimfiɗu da ruwan zafi, a haɗa musu da maganin tsutsar ciki, domin ta hanyar haɗiye ƙuma suke kamuwa da wata doguwar tsutsa. Ki kuma nemi katin allurar Guguwa daga tsohon mai ita. Rigakafin haukan kare ya shafi kyanwoyi ma, kuma ba abin wasa ba ne ga cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara.

Dattijo Mai Maguna ya amsa:

Malama Likita ta gama magana a kan lafiya, ba ni da abin ƙarawa. Ni zan tsaya a kan zancen maigidanki, da fatan ba zai ji haushina ba. Maganar a ƙyale su su sasanta tana da ɗan tushe idan karnuka ne zalla, domin kare ya fito daga zuriyar kyarkeci, dabbar da take rayuwa cikin garke, kuma yana da hanyoyi da yawa na nuna ladabi da neman sulhu. Kyanwa ba haka take ba. Kakanta muzurun daji ne mai farauta shi kaɗai, kuma hanyar da ta gada ta kashe rigima ita ce ta bar wurin. Abin da Sarki yake yi ke nan. A ganinsa ya riga ya sasanta: ya bar wa Guguwa gidan duka, ya ɗauki ƙarƙashin gado. Gidan zai yi shiru har mutum ya zaci an daidaita, alhali dabba ɗaya ce take biyan kuɗin shirun da lafiyarta. Shi ya sa a gida irin naki ni ba na auna zaman lafiya da rashin faɗa, da halin kyanwar da ta fi tsoro nake auna shi.

Sannan ki sani cewa kora ita kanta lada ce ga kare. Duk lokacin da Guguwa ta bi Sarki ya gudu, ta samu abin da take so, kuma gobe za ta fi yau ƙwarewa. Aikin farko shi ne a tsayar da korar gaba ɗaya ta hanyar tsarin gida, ba da tsawa ba. Ki ware wa kyanwoyin ɗaki guda da kare ba ya shiga ko kaɗan. Ana iya sa ɗan shinge a ƙofar wanda kyanwa za ta tsallake ko ta bi ta ƙarƙashinsa, ko a ɗaure ƙofar da igiya yadda za ta buɗe gwargwadon faɗin kyanwa kawai. A cikin ɗakin ne abincinsu da ruwansu da wurin kwanansu za su kasance, kuma da wannan kaɗai matsalar satar kwano ta ƙare.

Akwatin yashi kuwa, ƙa'idar da masu kiwo suke bi ita ce yawan kyanwoyi a ƙara ɗaya, wato ke uku kike buƙata, kuma ba a jere wuri ɗaya ba, domin akwati uku a jere ɗaya ne a wurin kyanwa. Kada ki sa su a lungun da yake da mafita ɗaya, kada kuma ki sa su kusa da abinci. Kyanwar da aka taɓa ritsawa tana tsugune ba ta mantawa, kuma tana iya ƙaurace wa akwatin ko bayan an kawar da karen. Cin kashin kyanwa da Guguwa take yi ba wani abin mamaki ba ne, karnuka da yawa suna yi saboda ƙanshin naman da yake ciki, kuma ban ga horon da ya fi hana ta isa wurin ba, tare da kwashe yashin safe da yamma.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne sama. Kare a ƙasa yake rayuwa, amma kyanwa tana lissafa saman kabad da kanta da bakin taga a cikin faɗin gidanta. Idan kika share mata saman wasu kayan ɗaki, kika jera su yadda za ta iya ratsa falo daga wannan ƙofa zuwa waccan ba ta taka ƙasa ba, kin ninka mata gidan ba tare da kin ƙara bulo ko ɗaya ba. Kyanwar da take da wurin hawa ba ta cika gudu ba, takan hau ta zauna ta zuba wa karen ido, karen da bai ga abin da yake gudu ba kuwa ba shi da abin bi.

Bayan an yi wannan sai a sake gabatar da su kamar yau suka fara haɗuwa. Ki riƙa musanya musu tsumman da suke kwanciya a kai don kowa ya saba da warin ɗan uwansa. Idan za su haɗu a falo, Guguwa ta kasance da igiya a wuya, igiyar kuma a hannunki. Da zarar ta dubi kyanwa sannan ta juyo ta dube ki, ki ba ta ɗan abin da take so nan take, domin ta koyi cewa ganin kyanwa alama ce ta waiwayo wurin uwar gida. Ki fara daga nesa, na ɗan lokaci kaɗan, ki tashi zaman tun kafin wani ya fusata. Kada a ɗauko Sarki a hannu a kawo shi gaban karen wai don su saba, wannan yana ƙara masa tsoro ne, ke kuma ki sha yakushi. Idan za ku fita, ƙofa ta kasance a rufe tsakaninsu, ko da kin ga alamun sauƙi.

Wani ɓangare na rikicin kuma rashin jin harshen juna ne. Kare yakan kaɗa wutsiya idan yana ɗoki, kyanwa kuwa idan ta fara bugun ƙasa da wutsiya haƙurinta ne ya kusa ƙarewa. Kare yana ɗaga ƙafar gaba don neman wasa, a wurin kyanwa kuma ɗaga hannu shirin mari ne. Duna ya koyi wannan a shekarun da ya yi da su, shi ya sa ba ya ɗaga kai. Guguwa tukuna take aji ɗaya.

Abokin Karnuka ya amsa:

Baba, na yarda da tsarin da ka kawo, amma ina ganin an yi ta maganar kyanwa an bar karyar a baya, alhali ita ce tushen abin. Karya mai wata goma tana tsakiyar ƙuruciyarta ne, lokacin da jiki ya girma hankali bai biyo ba, ga shi kuma an raba ta da gidan da ta sani. Idan ba ta samu inda za ta zubar da ƙarfinta ba, a kan Sarki za ta zubar. Hajiya, ki tambayi kanki sau nawa take fita a rana, kuma idan ta fita ana barinta ta shinshina abin da take so ko jan ta kawai ake yi. Shinshina tana gajiyar da kare fiye da yadda ake zato. Ki ba ta abin taunawa, ki riƙa ɓoye mata wani ɓangare na abincinta a cikin tsumma ko kwali tana nema, ki jefa mata ƙwallo ta bi, domin sha'awar bin abin da yake gudu ba ta fita daga jikin kare, sai dai a canja mata wuri. Zaman horon da Baba ya bayyana ki riƙa yin sa bayan ta dawo daga yawo a gajiye.

Inda na saɓa da Baba shi ne, ba kowane kare ne horo yake gyarawa a kan kyanwa ba, kuma gara a faɗi wannan tun yanzu. Akwai jinsunan da aka ƙirƙira don bin ƙananan dabbobi da kama su, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba za a taɓa amince musu da kyanwa ba. Ki lura da yadda take korar. Idan tana haushi, tana tsalle, tana durƙusar da ƙirjinta ƙasa ta ɗaga baya, jikinta a sake, bakinta a buɗe, wasa take nema, ko da yake wasan da Sarki bai nema ba ne. Amma idan ta yi tsit, ta rufe baki, jikinta ya sandare, ta kafe shi da ido har ba ta jin kiranki, ta fara sanɗa, wannan farauta ce. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Karen da yake haka ba a gwaji da shi, sai a nemi ƙwararren mai horo, idan kuma abin ya ƙi, nema mata gidan da babu kyanwa ba abin kunya ba ne. Daga bayaninki, tun da marin Toka yana mayar da ita baya, na fi zaton ta farkon ce.

Kada ki tsawata wa Toka don ta yi huci, kada kuma ki hukunta Duna idan ya yi gurnani, domin gargaɗi ne, kuma dabbar da aka hana gargaɗi takan wuce kai tsaye zuwa cizo. Sai dai ki riƙa rage tsinin faratan Toka, saboda yakushi a idon kare yana iya zama babban rauni. Ki kuma tuna da Duna: kare mai shekara takwas yana buƙatar wurin da zai kwanta ba mai taka shi, da ɗan lokacinsa shi kaɗai tare da ku.

Uwar Toka ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Malama Likita, na kai Sarki kamar yadda kika ce. An duba shi, an ce mafitsarar ta kumbura amma hanyar ba ta toshe ba, an ba shi maganin rage zafi, an kuma ce in ƙara masa abinci mai ruwa-ruwa, in ajiye masa ruwan sha a wurare da yawa. Maganin ƙumar da na saya kuwa da na duba kwalin sai ga sunan nan da kika ambata, likitan ya canja mana wani. Baba, ɗakin baƙi ya zama na kyanwoyi, kuma Sarki ya fara cin abincinsa a can. Malam, na lura da Guguwa, mai haushi da durƙuso ce, kuma ƙarin yawon ya rage mata rawar kai.

Saura abu biyu. Sarki yakan fito da asuba yana zagaye yana kuka, Guguwa ta ji ta kama haushi, Duna ya taya ta, gidan duka ya tashi. Sannan ina so in san gaskiya: akwai ranar da zan ga Sarki da Guguwa kwance wuri ɗaya, ko in cire rai?

Dattijo Mai Maguna ya sake amsawa:

Madalla, 'yata, Allah ya ƙara masa sauƙi. Malam Abokin Karnuka kuma na karɓi gyararka, gaskiya ka faɗa.

A kan tambayarki ta biyu, akwai binciken da aka yi a Jami'ar Tel Abib aka wallafa a 2008, inda aka duba gidajen da suke da kare da kyanwa tare. An samu kusan kashi biyu cikin uku suna jituwa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba ruwan kowa da kowa, kaɗan ne suke gaba. Jituwar ta fi samuwa idan kyanwa ce ta riga zuwa gidan, kuma idan sun haɗu kyanwar ba ta kai wata shida ba, karen kuma bai kai shekara ba. Ke kin samu biyu daga ciki, domin kyanwoyin sun riga Guguwa, ita kuma ba ta cika shekara ba. Wanda kika rasa shi ne ƙuruciyar Sarki, ko da yake zamansa da Duna ya nuna ba ya ƙin kare don karensa. Wani binciken na Jami'ar Linkon a Ingila, na 2018, ya nuna cewa sakewar kyanwa a gaban kare ta fi sakewar kare a gaban kyanwa tasiri wajen yadda zaman yake kasancewa. Saboda haka ba zan ce ki cire rai ba, amma ni ba zan sa kwanciya wuri ɗaya ta zama abin da nake jira ba. Irin zaman da kika ce yana tsakaninsu da Duna, kowa da harkarsa, shi ne abin nema, kuma yana iya ɗaukar watanni. Alamun da za ki duba su ne Sarki ya ratsa falo a hankali wutsiyarsa a miƙe sama, ya zauna yana lasar jikinsa a fili Guguwa tana ɗakin, ya yi barci a inda take iya ganinsa. Kyanwa ba ta yin waɗannan a gaban abin da take tsoro.

Kukan asuba kuwa yana da dalili biyu. Kyanwa dama da magariba da asuba ta fi kuzari, domin lokacin farautarta ke nan, sannan shi Sarki wannan ne kaɗai lokacin da ya ga gidan ya koma nasa. Kafin ku kwanta ki yi masa wasa da ɗan tsumma a bakin igiya har ya gaji, sannan ki ba shi abincinsa na ƙarshe, saboda kyanwar da ta yi farauta ta ci takan lashe jiki ta kwanta. Igiyar kuma ki ɓoye ta bayan wasan, kada ya haɗiye. Guguwa ta riƙa kwana a ɗaki rufe, nesa da hanyar da yake bi, yadda ba za ta ji motsinsa ba. Idan ya yi kuka kada ki tashi ki ba shi abinci, in ba haka ba kin koya masa lokacin da zai tashe ki, kuma ki sa rai kukan zai ƙaru na 'yan kwanaki kafin ya ragu. Amma tun da yana kan maganin mafitsara, duk daren da kika ji kukan ya canja, ko kika ji shi daga wurin akwatin yashi, ki tashi ki duba ko ya yi fitsari. Idan kin ga yashin a bushe yana ta yunƙuri, kada ki jira gari ya waye.